Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Nazarin Lamarin Wani Matashi Mai Neman Jinsi da Ya Nemi Rabuwa da Giya da Ƙwaya

Sau biyu ya nemi taimako kafin ya zo wurinmu, kuma duka biyun bai cika wata guda ba ya koma ruwa. Takardar da ya zo da ita daga wuri na biyu layi uku ce kacal: yana shan giya kullum, yana haɗawa da tiramadol, kuma "ba ya ba da haɗin kai". Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wata 14 ke nan muna zama da shi, ni a matsayin mai ba masu fama da shaye-shaye shawara, kuma ban taɓa aiki da wanda ya fi shi son ya rabu da abin nan ba. Matsalar ita ce duk inda ya je sai ya tarar dole ya zaɓi ɗaya, ko rufin asirinsa ko maganinsa, shi kuwa sai ya zaɓi rufin asiri. Ban ga laifinsa ba.

Da izininsa nake wannan rubutu. Ba zan ambaci sunansa ko inda yake ba, kuma na sauya wasu bayanai don kada a gane shi.

Shekarunsa 29, yana aikin lissafin kuɗi a wani kamfani. Namiji ne da zuciyarsa ke karkata ga maza 'yan uwansa, wato yana cikin mutanen da ake haɗa su a ƙarƙashin haruffan LGBT: masu neman jinsinsu maza da mata, da masu sha'awar jinsi biyu, da masu sauya jinsi. Ya gane haka tun yana ɗan shekara 14, ya kuma yi shiru da bakinsa shekara bakwai. Yana da 21 wani abokin karatu ya kai shi wani gida inda irinsu suke haɗuwa a ƙarshen mako. Ya ce da ni: "Malam, ranar ce na fara yin dariya ban duba ko wa ke kallona ba." A daren aka miƙa masa kofi na farko. Tun daga nan giya da sakewa suka zama abu ɗaya a wurinsa, domin bai taɓa samun ɗaya ba tare da ɗayar ba.

Sannu a hankali shan ƙarshen mako ya zama na kowane dare, a ɗaki, shi kaɗai. Da safiya ta fara gagararsa, hannu na rawa, kai na sarawa, sai wani ya nuna masa tiramadol. Ƙwaya ɗaya ta zama uku, uku ta zama abin da ya wuce miligiram 400, wanda shi ne iyakar da likita ke yarda a sha a yini guda.

Abin da ya faru a wurare biyun farko

Na farko likita ne, mutumin kirki a yadda ya siffanta shi. Ya tambaye shi ko yana da iyali, ya ce a'a. Budurwa fa? Ya ce a'a. Sai likitan ya ce to ai ga matsalar nan, kaɗaici ne, ya nemi mata hankalinsa zai kwanta. Ya karɓi takardar magani, ya yi godiya, bai sake komawa ba.

Na biyu cibiyar kwantar da masu shaye-shaye ce, inda ya yi mako uku. A rana ta biyu, ana zaman rukuni, wani ya yi ba'a da 'yan luwaɗi, aka kwashe da dariya har da ma'aikacin da ke jagorantar zaman. Shi ma ya yi dariyar. A daren ya ƙirƙiri budurwa, ya raɗa mata suna, ya ba ta sana'a da halaye, ya kuma ƙirƙiri rabuwar da ta jefa shi shan giya.

A nan ne abin ya lalace, kuma ina so a lura da yadda ya lalace. Rabin aikin irin wannan cibiya shi ne a gano abin da ke ingiza mutum ga kwalba: wane wuri, wane mutum, wane lokaci, wane tunani. Daga nan a tsara masa yadda zai yi idan abin ya taso. An yi masa wannan tsari tsaf, amma a kan rayuwar da babu ita. An koya masa yadda zai yi idan ya tuna da yarinyar da ba a taɓa haifa ba. Ba wanda ya ce masa komai game da abin da ke kai shi ga giya da gaske: fargabar da ke kama shi duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara a gaban mutane, da tambayar aure da ake yi masa a gida, da kuma cewa mutumin da yake ƙauna mashayi ne shi ma. Da ma'aikatan suka ga labarinsa ba ya haɗuwa, yau ya ce kaza gobe ya ce kaza, sai suka rubuta cewa ba ya ba da haɗin kai. Kwana 19 da sallamarsa ya koma gidan jiya.

Zuwansa wurinmu

Ba da ƙafarsa ya fara zuwa ba. Ya yanke shawarar daina komai lokaci ɗaya, shi kaɗai a ɗaki, ba giya ba ƙwaya. A rana ta biyu jijjiga irin ta farfaɗiya ta kayar da shi, yayarsa ta same shi a ƙasa ya ciji harshe.

Wannan kuskure ne da masu kyakkyawar niyya ke yawan yi, kuma yana kisa. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, idan ya yanke ta farat ɗaya, alamomi kan fara cikin awa 6 zuwa 24: rawar jiki, gumi, tashin zuciya, bugun zuciya. Jijjiga kan zo cikin kwana biyun farko. Daga awa 48 zuwa 72 wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani, da sambatu da gane-gane, wanda idan ba a kula ba yakan tafi da rai. Tiramadol kuma shi kansa yana sauƙaƙa faruwar jijjiga. Saboda haka aka kwantar da shi, likitarmu ta ba shi diyazefam, maganin kwantar da jijiyoyi, tana rage yawansa kullum har kwana bakwai, tare da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, domin giya tana ƙarar da wannan sinadari a jiki.

Da ya samu kansa muka yi gwajin AUDIT, tambayoyi 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don auna shan giya. Maki yana tashi daga 0 zuwa 40. Daga 8 an shiga haɗari, daga 20 ana kyautata zaton jiki ya kamu. Ya samu 29.

Zamanmu na farko ba zan manta da shi ba. Ya ja kujerarsa kusa da ƙofa, ya kife wayarsa a cinya ya danne ta da tafin hannu. Ruwan da na ba shi da hannu biyu ya riƙe kofin, duk da haka yana zuba. Kafin in tambaye shi komai sai na yi masa bayanin fayil: abin da nake rubutawa, wa ke iya gani, da inda sirri ya tsaya, wato idan ransa ko ran wani yana cikin haɗari. Sannan ban tambaye shi mata ko budurwa ba. Na ce: "Akwai wani mutum, mace ko namiji, da yake kusa da zuciyarka?" Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce: "Malam, in na faɗa maka abu, a takarda zai shiga?" Na juya masa takardar ya ga abin da na rubuta, na ajiye biro a kan tebur. Bai faɗa ba ranar. Sai a zama na uku.

Tambayar nan tasa ba tsoron banza ba ce. Ƙasashe fiye da 60 a duniya suna hukunta mu'amalar jinsi ɗaya, kuma ko inda doka ba ta hana ba, layi guda a fayil kan iya raba mutum da aikinsa ko danginsa. Muka yi yarjejeniya cewa abin da magani ke buƙata kaɗai zai shiga rubutu. Likita ta san gaskiya da bakinsa, fayil kuma yana ɗauke da sakamakon gwaji da sunayen magunguna.

Me ya haɗa wannan da wancan

Yawancin mutanen LGBT ba su da matsalar shaye-shaye, kuma karkatar zuciyar mutum ba ita ke jawo maye ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi haka ranar 17 ga Mayu, 1990. Amma alƙaluma sun nuna nauyin ya fi yawa a kansu. A binciken ƙasa da gwamnatin Amurka ta yi a 2015, kashi 39 cikin 100 na manya masu neman jinsinsu ko jinsi biyu sun ce sun yi amfani da haramtattun ƙwayoyi a shekarar da ta gabata, alhali a sauran jama'a kashi 17 ne.

Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na Ilan Meyer, masanin lafiyar al'umma, wanda ya shimfiɗa shi a 2003. Ya ce bayan wahalar rayuwa da kowa ke sha, wanda jama'a ke ƙyama yana ɗauke da ƙarin kaya: wulaƙancin da aka yi masa, da zaman jiran wanda za a yi masa, da aikin ɓoye kai dare da rana, da kuma ƙyamar da ya haɗiye har ta zama yana yi wa kansa. Da na zana masa waɗannan huɗu a takarda, ya ɗora yatsa a kan na uku. Ya ce shi ɓoyon ne ke gajiyar da shi, kullum yana lissafin me ya gaya wa wa, kamar mai riƙe da littafin kuɗi biyu. Da dare ya yi, giya ce kaɗai ke rufe littafin.

Ina da abokan aiki da imaninsu bai yarda da rayuwar wannan matashi ba, kuma ba na neman su sauya imani. Abin da nake ce musu shi ne: mutumin nan hantarsa ya kawo, da numfashinsa da giya da tiramadol ke iya tsayarwa cikin barci. Duk wanda ya mayar da zaman magani wurin ƙoƙarin "gyara" karkatar zuciyarsa ya bar aikin da aka zo dominsa, ya kama wanda babu shaidar yana yiwuwa, akwai kuma shaidar yana ƙara damuwa da tunanin kashe kai.

Magani

Gaskiyar da ya faɗa ta sauya har magungunan. A wuri na biyu ya rage yawan tiramadol ɗin da ya ce yana sha. Da likitarmu ta ji adadin gaske sai ta ajiye naltirekzon, maganin da ke rage sha'awar giya, domin yana toshe hanyar da ƙwayoyi dangin tiramadol da kodin ke bi, kuma idan suna jiki yakan jefa mutum cikin azabar yankewa nan take. Sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu su ake fara shi. Ta zaɓi akamfuroset, wani maganin da ke taimaka wa mutum ya zauna babu giya, wanda ake sha sau uku a rana, bayan ta duba ƙodarsa. Tiramadol kuma aka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har mako 12. Maganin ciwon damuwa ma ta jinkirta shi, saboda wasunsu ba sa jituwa da tiramadol, kuma sau da yawa baƙin cikin mashayi yakan ragu da kansa bayan 'yan makonni babu giya. Nasa ya ragu, bai tafi duka ba.

Ya kuma faɗa mana akwai dararen da ya farka bai san abin da ya faru ba. Aka yi masa gwajin HIV da na ciwon hanta nau'in B da C, duka suka fito lafiya. Aka yi masa rigakafin nau'in B, aka yi masa bayanin PrEP, maganin kariya daga HIV da ake sha kafin haɗari, da PEP da ake farawa cikin awa 72 bayan haɗari a sha kwana 28. Shekara takwas yana cikin wannan hali, ba wanda ya taɓa gaya masa akwai su.

Neman mutane

Nan ne wuri mafi wuya, kuma nan na yi kuskurena na farko. Na ce masa ya nisanci wuraren sha da abokan sha, shawarar da muke ba kowa. Ya dube ni ya ce: "Malam, su ke nan fa waɗanda suka san ni." Ga wani, barin mashaya barin mashaya ne kawai, yana da gida da abokan aiki da zai koma wa. Shi kuwa gaba kura baya sayaki: inda aka san shi akwai giya, inda babu giya ba a san shi ba. Na janye maganata. Muka zauna muka bi mutanen gidan nan ɗaya bayan ɗaya, wa zai iya gani da rana ido biyu, wa ba ya haɗuwa da shi sai da kwalba. Mutum biyu suka fita.

Sai rukunin taimakon juna. Ƙungiyar AA ta masu son daina shan giya, wadda aka kafa a 1935 a jihar Ohayo ta Amurka, ƙa'idarta ita ce sharaɗin shiga ɗaya ne tak, son daina sha. Haka abin yake a rubuce, amma kowane zama da irin mutanensa, kuma bayan abin da ya gani bai yarda ya sake zama cikin rukuni ido da ido ba. Mafita ta zo ta intanet. AA da takwararta NA ta masu ƙwaya, da SMART Recovery wadda ba ta bin matakai 12 na farfaɗowa da AA ke bi, duk suna da zama ta bidiyo, wasu an ware su don mutanen LGBT. Ya shiga da sunan aro, kyamara a kashe, abin sauraro a kunne. Mako biyar bai ce uffan ba. A na shida wani dattijo da ya shekara fiye da 20 bai sha ba ya ba da labarin yadda ya taɓa ƙirƙirar mata a wurin magani. Matashin ya ce da ni sai da ya cire abin kunnen ya kifa kai a gwiwa. Wannan dattijo ne ya zama mai riƙe da hannunsa, wanda yake kira idan ƙishin ya taso.

Na koya masa kada ya yarda da allon ƙofa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya bi cibiyoyin da suka ce suna da shiri na musamman don mutanen LGBT, aka kira su ta waya, sai aka tarar kusan kashi 70 cikin 100 ba su da wani abu dabam da abin da suke yi wa kowa, waɗanda suka iya nuna shiri na gaske ba su kai kashi 10 ba. Don haka kafin ya je ko'ina yakan kira ba tare da faɗin suna ba, ya tambaya: kun taɓa aiki da irina? Wa ke karanta fayil? Idan wani ya ci mutuncina a zaman rukuni, me ma'aikacinku zai yi? Yadda aka yi shiru kafin a amsa ma amsa ce.

Yayarsa kuwa, ashe ta daɗe da ganewa. Shi ya nemi a kira ta, ni ban matsa ba, domin bayyana kai ba sharaɗin warkewa ba ne, kuma akwai gidajen da yin hakan haɗari ne. A ofishina ya ce: "Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba." Ta ce: "Na sani, ƙanena. Ba zan ce maka na fahimta ba, ba kuma zan ce na yarda ba. Amma ni na ɗago ka daga ƙasa ranar nan, ba na so in sake." Iyakar abin da ta iya bayarwa ke nan, kuma ya yi aiki. Binciken Caitlin Ryan da abokan aikinta a Kalifoniya, wanda aka buga a 2009, ya nuna matasan da danginsu suka yi watsi da su sosai sun ninka waɗanda ba a yi wa haka ba fiye da sau uku wajen shan haramtattun ƙwayoyi, fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kai. Ita ta riƙe ƙwayoyin da ake rage masa, tana ba shi na kowace rana. Aka kuma ba ta nalokzon, maganin da ke dawo da numfashin wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne, aka nuna mata yadda ake amfani da shi.

Wata na biyar

Wani da suka taɓa hira a intanet ya turo masa hotunan hirarsu, ya ce ko kuɗi ko ya tura wa wurin aikinsa. Bai gaya wa kowa ba. Ya tsallake zama biyu, ni kuma na ɗauka aiki ne ya yi masa yawa, ban kira ba. Wannan kuskurena na biyu ne, kuma ya fi na farko nauyi. Ya sha kwana huɗu a jere, ya haɗiye tiramadol daidai adadin da yake sha a da. Jikin da ya yi makonni babu ƙwaya ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka, shi ya sa komawa bayan an daina ta fi kowane lokaci kisa. Allah ya sa yayarsa ta ji numfashinsa ya sauya, ta yi abin da aka koya mata, ta kai shi asibiti.

Da ya dawo ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce ya ɓata komai. Na ce masa tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar shaye-shaye sukan koma aƙalla sau ɗaya, kamar yadda mai hawan jini kan koma, kuma wata huɗun da ya yi ba su goge ba. Na kuma ba shi haƙuri a kan kiran da ban yi ba. A karon farko muka rubuta tsarin kariya a kan ainihin abin da ke kayar da shi: idan aka yi masa barazanar tonon asiri, kada ya biya, kada ya goge saƙon, ya kira ɗaya daga cikin mutum uku kafin awa guda ta wuce. Muka haɗa shi da wata lauya da ta saba da irin wannan ƙwace. Mai barazanar, da ya ga ba a biya ba kuma an daina amsa masa, ya ɓace.

Inda ake yanzu

Wata tara ke nan bai sha giya ba, bai taɓa tiramadol ba. Gwajin hantarsa ya dawo daidai. Sun rabu da mutumin da yake ƙauna, wanda bai shirya dainawa ba, kuma wannan rabuwa tana cinsa har yanzu. Akwai daren da yakan kira dattijon nan sau biyu. A wurin aiki ba wanda ya sani, a gida yayarsa ce kaɗai, kuma tambayar aure ba ta daina zuwa ba. Muna haɗuwa sau biyu a wata, likita za ta duba batun tsayar da akamfuroset idan ya cika shekara.

A zamanmu na makon jiya ya ajiye wayarsa a kan tebur fuskarta sama, ya ce ɗaya daga cikin abokan nan biyu ya tambaye shi inda yake zuwa. Yana so ya san ko zai iya ba shi lambar ofishinmu, kuma ko shi ma za a juya masa takardar ya gani kafin ya yi magana. Na ce ya ba shi.